Ɗan Kunnen Iya Gaji

Shekara tara ke nan da rasuwar kakata, Iya Gaji, kuma har yau ban san yadda zan yi da abin da ta bar mini ba. Ɗan kunne ne na zinariya, guda ɗaya tilo. Ƙirar tsofaffin maƙeran Birni ce: siririn zaren zinariya da aka murɗa da hannu, aka naɗe shi kamar gammo, da 'yan ƙwayoyi a baki kamar tsabar gero.

A kunnen dama take sa shi. Na hagu kullum a rufe, shi ya sa ɗaurin kallabinta yake a karkace. Ina ƙarama na tambaye ta ina ɗayan.

"Kin cika tambaya, 'yar lakwal," in ji ta, don haka take kiran 'yar makarantar boko. "Yana Dogo."

Sai da na girma Mama ta ba ni labarin. A shekarun fari, da mutane suka cinye har irin shuka, ƙanen Iya ya tako daga ƙauyen Dogo a ƙafa. Ta cire na hagu ta ba shi, ya musanya da irin gero. Ya shuka, ruwa ya sauka ya ɗauke, shukar ta ƙone. Ko zangarniya ba a girba ba.

Yanzu bikina ya matso. Mama na so a narkar da shi a yi mini zobe ƙirar Dubai. Ni kuwa na kai wa wani maƙeri a unguwar Zango don ya yi masa ɗan'uwa. Ya jujjuya shi a tafinsa, ya ce, "'Yata, masu wannan murɗin sun kwanta dama. In na narka, ba mai maido shi."

Me Iya za ta ce? Wani lokaci ina jin dariya za ta yi. Matar da ta cire zinariya daga kunne ba ta ko waiwaya ba, ita narkarwa za ta dama? To amma in haka ne, me ya sa ta riƙe na daman duk yunwar da ta biyo baya, ba ta kuma ƙara sa komai a hagun ba?

Jiya dai na sa shi a dama, na ɗaura kallabi gaban madubi. Mama ta shigo da zancen zobe a bakinta, sai idonta ya faɗa kan ɗan kunnen. Ta matso, ta sa hannu ta karkato ɗaurin ya rufe kunnen hagu.

"Haka take yi," ta ce.

Allah ya jiƙan Iya.