Mama Bridget ta Layin Kayan Aiki

Da hantsi Mama Bridget Nwabueze take buɗe shagonta a kasuwar Sabon Gari, ta jera injinan huda, ta rataye zartunan nan masu kama da kofi da ake fasa ramin makulli da su. Tana shirin barin shagon ga 'yarta Mirabel, kafintocin Fagge kuwa tuni suka fara kewa.

Da ma an san ta da taurin kai a kan abu guda: sandar ƙarfen da ke haɗa zarto da inji. Ba ta sayar da ita da ka. Sai ka kawo zarton, ka kawo injin, ta gwada da hannunta. Ƙaramin zarto da irin sandar da ake murɗa masa, babba kuma sai sanda mai haƙora biyu da za su riƙe shi, sannan gindinta ya zauna daram a bakin inji.

Usaid, kafinta daga Rijiyar Lemo, ya ɗanɗana wannan hali. Mahaifiyarsa ta ce ya sa makulli a ƙofar ɗakinta, ƙofar itacen maɗaci da marigayi babansa ya sassaƙa. Ita kaɗai ta rage daga aikin hannunsa, in ta tsage shi ke nan.

Da ya kawo zartonsa da injinsa shago, Mama ta gwada sandunanta kaf. Wadda ta kama zarton ta fi ƙarfin bakin injin, wadda ta shiga injin kuma zarton rawa yake a kanta.

"Mama, ba ni wannan ɗin," in ji Usaid. "Sai in kai wa mai walda ya ɗiga mata."

"Walda? A ƙofar babanka? Wallahi ba da ni ba. Tashi mu je."

Haka ta bar shago a buɗe, ta ja shi har wajen Ikechukwu, wanda suke kishin ciniki kamar su cinye juna. Nan aka samu wadda ta dace. Ta sa Usaid ya fara huda wani guntun katako, ta ga rami ya fita sumul, sannan ta sake shi. Usaid ya ce da ya zo kan ƙofar, zarton ko rawa bai yi ba. Mahaifiyarsa ta shafa gefen ramin, ta ce, "Da babanka yana nan, da ya yaba."

Mama Bridget, ke ce mai gudun ciniki don kare aikin wani. Mun gode, Allah ya ba ki hutu mai daɗi. 'Yan kasuwa kuma ku duba: idan abin da ke hannunku bai dace ba, ku faɗa, ku nuna shagon maƙwabci. Wata tsohuwa a Rijiyar Lemo tana kulle ƙofar da mijinta ya sassaƙa lafiya lau saboda wani ciniki da Mama ta ƙi.