Kuskure Ɗaya a Littafin Abokina

Mun tashi da asuba daga Château Rouge, unguwarmu a Paris, ni da uwargida, da wani littafi mai shafi ɗari huɗu da na yi wata guda ina bin sa layi-layi. Marubucin abokina ne. Benci ɗaya muka zauna a makaranta a Damagaram, kuma ni ke zuwa na ɗaya. Yau shi ne masanin tarihin siyasar Birtaniya, ni kuwa takardun taro nake fassarawa a ofis. Zai gabatar da littafin a Lyon, ni kuma na gano ya haɗa wani minista da ɗansa ya mai da su mutum ɗaya. Niyyata in faɗa a bainar jama'a.

Jirgin ƙasan awa biyu ya yi, gonaki sai wucewa suke. Na sayi kofi ɗan mitsitsi a kuɗin da zai ciyar da mutum uku a gida. Uwargida ta dube ni ta ce, "Malam, taya murna za mu ko farauta?" Na yi kamar ban ji ba.

Zauren taron ya cika maƙil. Ya yi bayanin yadda gwamnatoci ke faɗuwa a majalisar Landan kamar a tsakar gidansu aka yi. Kowane tafi sai na ji shi a haƙarƙarina. Hassada ce, ba zan sa mata wani suna ba.

Na ɗaga hannu, na faɗi kuskuren har da lambar shafi. Ya buɗe, ya duba, sai fuskarsa ta washe. "Wallahi kana da gaskiya! Merci, ɗan'uwa. Editoci uku ba su gani ba." Ya rubuta a gefe, aka tafa masa, ba ni ba.

Da yamma ya kai mu gidansa a Vaulx-en-Velin da ke gefen Lyon, ɗaki biyu a hawa na shida. Matarsa ta kawo dambu da zogale. Bango guda kwalayen takalma ne, cike da katuna da rubutun hannunsa, aikin shekara ashirin. Gilashin idonsa ya yi kaurin gindin kwalba. Har a kan waɗannan na yi masa hassada.

Washegari muka dawo Paris. Abin da tafiyar ta koya mini kaɗan ne, amma ya ishe ni: layi ɗaya na gyara, sauran duka shi ya rubuta.