Kaka Abarshi da Masu Ƙasan Rijiya

Kakana Abarshi mai ginar rijiya ne, kuma in ni kunka tambaya, rabin ruwan da mutanen Illela da Malbaza sunka sha kahin a haihe ni shi yat tono musu shi. Ƙila na ƙara gishiri, amma kaɗan. Wani ƙauye gabas da Illela anka haihe shi, bai taɓa taka lakwal, wato makarantar boko, ba, tun shina saurayi yash shiga rami. Gajere ne, baƙi wuluk, hannuwa kamar itace, ga wani ƙaton tari da ƙurar rami tab bar mai gado.

Ni ban ishe shi cikin aiki ba. Sa'adda nit tashi, motocin horaj, masu haƙa rijiya da inji, sun riga sun kashe musu kasuwa. Su zo da ƙugi, su huda ƙasa, su sa pampo su wuce, wa za shi nemi tsoho da dagi da igiya? Sai yad dawo Tsarnawa gidan babana, anka ba shi ɗakin bakin zaure. Wuni shikai ƙarƙashin itacen bedi shina tuƙar igiyar kaba wadda ba mai saye. Tsaransa sun mutu ko sun yi nisa. Mu yara mu ne jama'atai, ba shi da wasu.

Uwargida yake ce min. Shi ce, "Wagga mata tawa ba ta iya tuwo ba, sai baki." In ce, "Kai ma miji ne? Ko sabulu ba ka taɓa saya min ba, tsohon banza." Shi yi dariya har tarin ya kama shi.

Amma babana, Maman Sani, shi ne ɗan hwarinai, don haka ban taɓa jin sunan babana bakin kaka ba. Sai "wancan", ko "mai babur", tunda kabu-kabu baba ke yi Konni. Gida guda suke, amma ko ido ba su haɗawa sosai. In ɗaya na da magana da ɗaya, ni aka aike.

Wasan da za ni ba ku labari, bayan la'asar muke yin shi. Kaka shi zana ƙaton zobe bisa rairayi da yatsa, shi ce ga bakin rijiya. Shi ɗauko igiya mai ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli gaba guda. Kowa shi zaɓi wanda za shi zama. Rabi'u, ɗan ƙanen babana, kullum maharbi ne. Ladi ta maƙwabta ungozoma. Ni 'yar kasuwa, don ni ke iya ciniki da ƙarya. Sai mu kama igiya mu sauka, wato da baki. Kaka na gaya muna abin da muke gani, mu ko muna hwaɗin abin da za mu yi. In abin na sa'a ne, kamar tsallake kogo ko harbin maciji, sai a watsa sakaina huɗu waɗanda anka ƙone ma bayansu. In baƙi ya yi yawa ka hwaɗi, in hwari ya yi yawa ka tsira.

Can ƙasa akwai waɗanda kaka ke kira Masu Ƙasa. Kowane da hawansa, kowane ya tare hanya, kuma shi ke mulkin abin da ke wurin, ruwa ko dutsi ko iska. Ba a wuce su da kibiya, sai da gaisuwa. Nan ne wasan yake. Sai ka gane shekarun mai wurin kahin ka buɗe baki. In tsaran ubanka ne, ka durƙusa, ka sadda kai, kar ka kama sunanai. In tsaran kakanka ne, ka tsokane shi, ka zage shi tas, shi ji daɗi shi buɗe maka hanya. Ka kuskura ka yi ma tsaran kaka ladabi, sai shi ce ka maishe shi baƙo. Ka kuskura ka tsokani uba, to ka san sauran. Ko wane ka yi, igiyarka ta tsinke, ka hita wasa, ka tahi ɗebo ma kaka ruwan alwala.

Ba shi taɓa hwaɗa muna shekarun kai tsaye. Sai dai alamu. Na hwarko zurhi, wanda ya hi nisa ƙasa ya hi tsuhwa. Na biyu kwaɗai. Kaka shi ce ba mai kwaɗan abin da bai gani ba da ƙuruciya.

Akwai Mushe Siminti, wato Malam Siminti da Hwaransanci, can sama-sama, mai tabarau, ba shi shan komi sai kahe da madara, kowace magana sai ya ce "bon, bon". Wanga ba wuya, bai girmi kamhwanin siminti na Malbaza ba, tsaran iyaye ne, sai durƙuso. Ƙasa da shi, cikin jan dutsi, akwai Gurguwar Marmara. Taba take ci, da kuɗin wuri take ciniki, in ka ba ta sukari sai ta toho ta ce gishirinku ya lalace. Wagga kaka ce, kuma ni ke gamawa da ita. In ce mata, "Ke mai ƙahwa kamar muciya, mijinki ma gudu yay yi." Kaka shi maƙale murya shi rama mata, mu yi ta yi har Ladi ta kwanta ƙasa don dariya.

Sai Uwar Katantanwa, cikin hwarin dutsi. Ita kam kaka shi rantse ya ga gidanta, don wata rijiya wajen Malbaza ya taɓa hwasa dutsi can ƙasa yat tarar da ƙwaryar katantanwa manne ciki, wurin da ko raɓa babu. Shi ce ita ta san lokacin da duk ƙasarga ruwa ce. Shekarunta munka hi yin hwaɗa a kai. Yau shi ce ta girmi ruwan Annabi Nuhu, gobe shi ce lokacin tana budurwa. In ce, "Tsoho, jiya ba haka kac ce ba." Shi ce, "Ke kin taɓa ganin macen da ke da shekaru iri guda kwana biyu?"

Haka munka yi damina da rani ban san nawa ba. Yara har daga wata unguwa suke zuwa.

Yawan yaran ne yaj ja magana. Wani yac ce ma babana bakin masallaci wai gidanai ana koya ma yara gaida iskoki, har da watsa sakaina kamar masu duba. Baba mutum ne mai gudun abin hwaɗi. Yak kira ni da sahe shina ɗaure kaya bayan babur, yac ce, "Nasiba, ki gaya ma tsoho a bar wasan gumakan nan. In ba a bari ba, ba yaron da za shi ƙara zama gindin bedin nan, har ke."

Nit tahi nig gaya mai yadda anka ce, ban rage ko kalma ba. Kaka yad daɗe shina murza kaba bisa cinya. Sannan yac ce, "Ki ce ma wancan, duk abin da aka ƙidaya ma shekaru haihuwatai anka yi. Wanda ba a haiha ba guda ne, kuma ba shi cikin rijiyata."

Da marece nik kai saƙo. Baba yac ce, "Malamai ma sun san wannan. Mutanen gari ba shekaru suke ƙidaya ba, sakaina suke gani. Ki ce mai na gama magana."

Kwanakin da sunka biyo bedi ya yi tsit. Yara su leƙo su koma. Kaka na zamne shi kaɗai da igiyatai, ko tsokanata ya bari. In kai mai hura in ce, "Ango, ga ta, ba don halinka ba," shi karɓa kawai shi ce Allah shi yi albarka. Wallahi wannan albarkar ta hi zagi ciwo.

Wata Juma'a baba bai koma Konni ba bayan masallaci, babur ɗinai ya ƙi tashi. Yaj jawo shi inuwar bedi, don nan kaɗai ke da inuwa, yaz zamna ya ba kaka baya shina kwance-kwance. Ni da Rabi'u da Ladi muna raɓe jikin zana. Sai kaka yas sa yatsa yaz zana zobe. Bai dubi kowa ba yac ce, "A gaya ma mai babur, sau guda ne, na rufe rijiya. Ba a barin rami buɗe." Baba yac ci gaba da kwance-kwance, sai ƙarar sipana. Mu ko tuni mun kama igiya.

Ran nan kaka bai taɓa sakaina ba. Yaw wuce da mu Mushe, yaw wuce Gurguwa, har Uwar Katantanwa yac ce tana kwana, mu taka sannu. Igiya taƙ ƙare, ba sauran ƙulli. Yac ce, "Nan ne ƙarshen rami. Akwai wani nan da ban taɓa nuna muku ba."

Rabi'u yac ce, "Mi yake ci?"

"Kunu. Shi ma in an samu, don shekarar yunwa ce wurinai kullum."

Ladi tac ce, "Haƙora hwa?"

"Na gaba duk sun zube."

"Mi yake so a ba shi?" in ji ni, tunda ni ce 'yar kasuwa.

"Ba shi son komi. Magana guda gare shi, ita yake ta maimaitawa tun sahe har rana ta hwaɗi. Kana nan? Kana nan? In ba a amsa ba sai shi yi ta kuka. Ga kai ƙato, ga kunnuwa, ga tabo bisa girar hagu inda ƙugiyar guga tas sare shi."

Ni ko tunani ban tsaya yi ba. Ƙasa da Uwar Katantanwa, ba haƙora, sai kunu, ga rikicin tsuhwa. Ai wanga kakan kakanni ne. Nim miƙe tsaye nir riƙe ƙugu nic ce, "Kai tsoho mai kai kamar tulu, mai kunnuwa kamar hwaihwai. Wawulo. Wa za ta aure ka da wanga tabo, kamar akuya ta cije ka? Kana nan, kana nan, to muna nan, sai ka yi muna mi?"

Ba wanda yay yi dariya. Nid dubi Rabi'u, shi ko ba ni yake kallo ba, bayana yake kallo, kuma ya riga ya durƙusa. Ƙarar sipana ta tsaya. Nij juya. Baba ya waiwayo, ga girar hagu, ga tabon da nike gani tun ranar da anka haihe ni.

Ban san sa'adda nik kai ƙasa ba.

Kaka yac ce, har yanzu rairayi yake kallo, "Uwargida, igiyarki ta tsinke. Zurhi ya ruɗe ki. Shi wanga ba ƙasa yake zamne ba, bakin rijiya yake kwance rub da ciki. Muryatai ce ke saukowa. In kana can ƙasa cikin duhu, ba ka jin ta kowa sai tashi. Ita ke hana mutum barci cikin rami, kuma wanda yay yi barci can ba shi hitowa." Yay yi tari yag gama. "Shekarar yunwa, uwatai ba ta da rai, ba inda za ni bar shi, sai in tahi da shi wurin gina. Shekara bakwai gare shi."

Baba yaj juya ga babur ɗinai. Yaɗ ɗauki tsumma yash shahe hannu, yatsa bayan yatsa, kamar ba za shi gama ba. Sannan yac ce, da ni yake magana amma ba ni yake nuhi ba, "Nasiba, ki ce ma tsoho shidda ne. Haƙoran da wuri sunka zube."

Kaka yac ce, "Ki ce mai ni nike ƙasa, amma ni nis san ranar da anka haihe shi."

"Ki ce mai tabon ma ba ƙugiyar guga ba ce, bakin dagi ne."

Ni dai ina durƙushe tsakaninsu kamar kazar da ruwa ya daka, ba wanda nik kai ma saƙo, duk sun ji. Baba yat tashi yat tura babur wajen zaure. Ya kai ƙohwa yat tsaya yac ce, "Sakainar nan a sa ta wuta. In sa'a kuke so ku yi 'yar ɓoyon tsakuwa a hannu. Kuma kowa shi watse kahin kiran magariba." Yad dube ni. "Ke kuma mai bakin akuya, tashi ki ɗebo mai ruwan alwala."

Washegari yara sunka dawo, har da waɗanda ban sani ba. Munka ci gaba da sauka da tsakuwa a hannu har shekarar da tarin yak kwantar da kaka, rani bai ƙare ba yar rasu. Yanzu ina Konni ina saida atamhwa bakin gudro, babban titi, Ladi na aure Illela, Rabi'u ya bi kamyo, babbar motar kaya. In mun haɗu da salla har yau sai mun yi gardamar Uwar Katantanwa, kuma baba na daga zaure shina jinmu, wani lokaci shi aiko a ce muna duk ba mu iya lissahi ba.