Amshin Bakri a Hanyar Badr

A watan Rajab na shekarar 1443 Balarabe ya fara haɗuwa da Bakri, a ofishin wani kamfanin motocin ziyara da ke unguwar Anbariyya a Madina. Balarabe ne magatakarda, shi ne kuma tafinta idan baƙi masu jin Turanci suka zo. Bakri ya shigo neman aikin direba. Bahaushen Sudan ne, dogo, ya haura hamsin, tuƙinsa ba abin kushewa. Aibinsa ɗaya: da ƙuruciya ɗan amshin wani makaɗi ne a Mai Wurno, har yau kuma ba ya iya jin waƙa ya ƙyale ta ita kaɗai.

Ana nan aka ba shi ayarin masu Umara daga Ingila. Cikinsu akwai wani dattijo da ya musulunta, tsohon mai haƙar kwal, wanda ya koya wa mutanen motar waƙar ma'aikata. A cikin waƙar ana caccakar mai kamfanin kwal cikin raha, kowa na karɓa, ana buga ƙafa. Bakri ya haddace amshin bai san ma'anar ko kalma ɗaya ba. Daga ranar, duk Baturen da ya hau motarsa sai ya sha shi.

"Bakri, don Allah ka bari," in ji Balarabe. "Ibada mutanen nan suka zo."

"Ya zol, ɗan'uwa, waƙarsu ce fa. Murna suke."

"Ba ƙasa ɗaya suka fito ba."

"Bature dai Bature ne, Malam."

Da ƙara ta kai ga mudir, shugaban kamfanin, ya ja wa Bakri kunne: a sake kawo ƙara, ya sauka daga motar baƙi. Iƙamarsa kuwa, takardar izinin zama, a hannun kamfanin take.

Bara sai ga ayari daga ƙasar Ailan, Bakri na tuƙi, Balarabe na tafinta. A hanyar dawowa daga Badr suka tsaya hutawa a inuwar dabino, 'yan ayarin suka roƙi wani tsoho mai suna Abdallah ya yi musu waƙar gida. Ya rufe ido ya fara, ba tafi, ba kiɗa. Balarabe ya kasa kunne: kakanni ne da masu filaye 'yan Ingila suka kora daga gonarsu a shekarun yunwa, suka hau jirgin ruwa ba su komo ba. Kowa ya sunkuyar da kai.

Balarabe ya hango ƙafar Bakri na motsi. Ya harare shi. Ya girgiza masa kai. Ina! A wurin Bakri, barin dattijo yana waƙa babu mai karɓa masa wulaƙanci ne. Ya tafa hannu, ya ɓarke da amshin masu haƙar kwal iya ƙarfinsa.

Tsohon ya buɗe ido ya katse waƙar. Ya dubi Balarabe.

"Gaya masa wannan ta 'yan Ingila ce. Da masu gidansu suke faɗa, a ƙasarsu, shi ya sa suke taruwa su ɗaga murya. Mu da ƙasarsu muke faɗa. Irin tamu kuwa ta makoki ce, mutum ɗaya ke yi, saura su saurara."

Balarabe ya fassara, haƙoransa a cije.

"To ai su ma masu kwal ɗin an cuce su," in ji Bakri. "Kuma muryarsa na rawa, wallahi tallafa masa na yi. Gaya masa."

"Ba zan gaya masa ba."

"Malam, kai tafinta ne ko mudir?"

Balarabe ya juya ya ce wa Abdallah wai direba na ba da haƙuri, alhali direba na tsaye yana bayani da hannu bibbiyu. Abdallah bai ƙarasa waƙar ba. Washegari shugaban ayarin ya kai ƙara.

An sauke Bakri daga motar baƙi. Da kyar Balarabe ya shawo kan mudir ya bar masa iƙamarsa. Yanzu babbar mota yake ja, yana ɗauko dabino daga gonakin Badr zuwa kasuwar Madina, yana zaune a unguwar Aƙiƙ da matarsa Zahra.