Gyaɗa a Kwalbar Wiski

Ni dai ban taɓa kai giya bakina ba, Allah ya sani, amma in ana hirar wiskin Amurka a Doha, to a ba ni kujerar gaba. Direba nake a wani otal a Lusail, kuma duk abin da mai kuɗi ya faɗa a kujerar baya, kunnena ya kwashe. Abin da ban gane ba, wani ɗan Kenya da ke haɗa wa baƙi abin sha a bene na sama shi yake ƙarasa mini in mun haɗu wajen cin abinci.

Shi ya gaya mini wai a da wiskin Amurka ba kowan kowa ba ne, lemo ake zuba masa don a rufe masa asiri. Sai ga shi duniya ta juyo kansa gaba ɗaya. Ɗan Japan na nema, ɗan Indiya na nema, Turawan da suka raina shi su ma sun shiga layi. Shi kuwa abin ba ya sauri, sai ya yi shekara da shekaru yana barci a gangar katako. Masu nema suna ta ƙaruwa, ganga ba ta farka ba, kuɗi ya yi sama kamar benayen Lusail. Da na tambaye shi da me ake yi, ya ce yawanci masara. Na kusa ƙwarewa. Masarar da muke gasawa a bakin titi, mu ci mu jefa wa akuya totuwa, ita ce wani ke sayen kwalba ɗaya a kuɗin da zan yi wata da watanni ina tuƙi ban gani ba.

To akwai abokin ɗakina, Bazazzagi, mai gadin ƙofar baya ta otal, inda ake shigo da kaya a fitar da shara. Mutum ne salihi, irin wanda in ya ga tallar giya a waya sai ya sake alwala. Ni Bakano, shi Bazazzagi, kullum muna cikin tsiya. Ina ce masa ɗan kwalisa, ga guga ga turare, aljihu fayau. Shi kuma ya ce ni ko inuwata zan sayar in na sami mai saye.

Akwai wani likita ɗan ƙasar, dattijo, a unguwar Madinat Khalifa, da ya duba masa ciwon baya bai karɓi ko sisi ba. Mutumina ya ce sai ya yi masa alheri. Ya je kasuwar Abu Hamour ya auno ɗanyar gyaɗa, ya soya ta da yashi, don yashi kam ba a rasa shi a ƙasar nan, ya murje ta fes. Saura mazubi. Kun san mu, gyaɗar mutunci ba ta shiga leda. A kwalba ake ɗura ta, a girgiza, a ƙara, har ta kai wuya. Tun muna yara haka muka ga ana jera ta a tasha, kuma ba wanda ya taɓa tambayar me kwalbar ta ɗauka a rayuwarta ta farko. Rannan ya ga wani kwali a ƙofar baya da wata kwalba mai kauri, ba komai ciki. A ganinsa shara ce. Ya ɗauka, ya ɗura gyaɗar ya kai wa likita.

Abin da bai sani ba, tun da kuɗin abin ya haukace, kwalbar ma ta zama dukiya. 'Yan damfara na sayen wadda aka shanye, su ɗura mai araha, su liƙe, su sayar wa wani. Don haka otal ya sa doka, irin wannan kwalba sai an fasa ta a gaban manaja. Ɗan Kenya ya ajiye ta ke nan ya je kiran manajan, ya dawo babu ita.

Bayan kwana biyu aka duba kyamara. Ga malam nan tsaf, yana cusa kwalba a jaka hankali kwance. Na ajiye wasu baƙi ke nan da hantsi sai ga kiransa. Manajan, wani ɗan Lebanon mai gajeriyar zuciya, ya ce masa ko ya kawo kwalba kafin la'asar, ko khalas, shi ke nan, a soke masa biza a sa shi a jirgi da sunan mai yi wa 'yan damfara safara. Mutumin da ya yi shekara biyu yana neman wannan aikin, mutum tara na cin abinci daga albashinsa.

Ya kamata in tausaya masa, na kuma tausaya, amma sai da na yi dariya har na kifa kai a sitiyari tukuna. Na ce, "Malam, ashe kai ne babban dilan giyar Lusail, muna ɗaki ɗaya ba ka taɓa sammini riba ba?"

"Don Allah ka bari, zo ka kai ni gidan likita," ya ce.

Na roƙi mai raba mana aiki awa biyu, na ce haƙorina ne. Muka ɗauki hanya. Ban taɓa jin daɗin tuƙi irin na ranar ba. Ina bin dokar gudu daidai saboda kyamarorin titi, amma a raina tashi muke. Shi yana ta jan carbi, ni ina ta lissafa masa abin da zai ce in ya sauka a Zariya, da irin rawanin da za a naɗa masa na sarkin kwalabe.

Allah ya taimaka likita na gida ranar. Muka durƙusa muka gaisa. Mutumina ya tura ni gaba, don a ce ka ba babban mutum kyauta ka dawo karɓa, gara ƙasa ta tsage ka shige. Ni na yi bayani, na ƙara gishiri kaɗan. Likita ya yi dariya har ya cire tabarau, ya shiga ya fito da ita, an ci kusan rabi.

Da na ga kwalbar nan na ce mun shiga uku. Tsirara take. Ba takarda, ba tambari, ba jan abin da aka liƙe wuyanta da shi. Ashe mutumina ya jiƙa ta kwana guda, ya kankare da wuƙa, ya wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa, kamar wadda kare ya lasa. Ya ce ai ba zai kai wa alhaji sunan haram gidansa ba. To yanzu wa zai yarda ita ce?

Likita ya juya ta, ya nuna mana wasu lambobi da aka zana a gindin gilashin, waɗanda wuƙa ba ta iya da su ba. Sannan ya sa hannu zai juye gyaɗar a faranti. Nan kaina ya kawo wuta.

"Ranka ya daɗe, a bar ta a ciki," na ce. "Gyaɗar nan ita ce lauyanmu."

Muka dawo Lusail da sauran lokaci. Na bi shi har ofis, ko da yake ba a kira ni ba. Manaja ya kifa kwalbar yana duba lamba, gyaɗa ta yi ƙara. Ɗan Kenya ya tabbatar ita ce. Manaja ya tambayi ina takardar jikinta. Mutumina ya faɗi gaskiya, har da wankin bakwai ɗin. Ni kuma na buɗe waya na nuna masa hoton masu gyaɗa a tasha, kwalabe a jere. Na ce ya duba da kyau, wane ɗan damfara ne zai sami kwalba irin wannan ya kankare abin da ke jawo mata kuɗi, ya cika ta da gyaɗa?

Manaja ya dubi hoton. Ya buɗe murfin, ya zuba a tafin hannu, ya tauna. Ya ƙara. Ya ce takardar gargaɗi ce kawai, yalla, ya koma bakin ƙofarsa. Aka juye gyaɗar a kwanon ofis, ɗan Kenya ya fasa kwalbar a gabanmu, mutumina ya runtse ido, don har zuciyarsa yana ganin an yi asarar mazubi mai kyau.

Sati na zagayowa ya sake soya wa likita wata. Wannan karon a kwalbar man zaitun ya ɗura, kuma sai da ya kira ɗan Kenya ya tambaye shi ko shi ma man zaitun ya yi suna a duniya.