Rijiyar da Bakina Ya Binne

Ni mutum ne mai ƙarin gishiri. In na ga zomo a daji, kafin in iso gida ya yi ƙaho. Sau ɗaya halin nan ya yi ɓarna, kuma ba a kaina ta faɗa ba.

Ƴan shekaru bayan samun mulkin kai, aka ce masu bindiga sun ƙetaro iyaka sun ɓuya a dajinmu, gabas da Dogon Dutsi. Soji suka zo. Ba su wahalar da takalmansu ba, sai suka zauna bakin rijiyoyi, wai mai jin ƙishirwa zai fito da ƙafarsa. Aka hana Hillani shayar da dabbobi, don an ce su ke kai wa mutanen ruwa.

Ina da taubashi Bahillace mai shanu sha biyu. Tsakanin Ba'are irina da Bahillace kuwa zagi ne gaisuwa. "Bawana, har yanzu ba ka mutu ba?" Haka yake tarbata. Shi ya nuna mini wata ƴar rijiya cikin kwazazzabo, ginin kakansa. Sai an jira ta tara kafin guga ya cika, amma ita ke riƙe da shanunsa.

Ran kasuwa, a rumfar mai tsire, na ga ido ya taru kaina, har da wani soja. Baki ya yi mini ƙaiƙayi.

"Ku bar Bahillacen ga! Ruwa gare shi a kwazazzabo, raƙumi ya faɗa ciki da mahayinsa, sai bayan sati suka ɓullo garin Kore Mairuwa!"

Aka kece da dariya. Sojan ya fi kowa, har goro ya ba ni, ya ce wane kwazazzabo ne. Na nuna da leɓe.

Kwana biyu, soji suka cike rijiyar da duwatsu.

Taubashina ya kora shanun kudu, aka maido shi. Suka dinga faɗuwa ɗai-ɗai. Da ruwan farko ya sauka, karsana guda ta rage.

Na ɗauki damin hatsi na nufi rugarsa, ina fatan ya zage ni, ya zagi kakana, ya rotsa mini kai da sanda. Sai ya miƙe, ya shimfiɗa mini tabarma.

"Sannu da zuwa, Malam. Ina gajiya?"

Shekara ashirin ke nan muna gamuwa a kasuwa. Har yau Malam yake ce mini.