Wa Zai Sa Mini Kaset ɗin Baba Ilu Ranar Juma'a?

Salamu alaikum. Ku gafarce ni, iyayena, na san zaman makoki kuke. Abin da nake nema ɗaya ne: cikin ku 'yan gidan rediyo, wani ya sa mini waƙar nan ranar Juma'a bayan la'asar, yadda Baba Ilu ke sawa.

Nono nake sayarwa a tashar Jabi. Shekaranjiya ina damu, wani direba ya ƙara muryar rediyonsa, na ji an ce Allah ya yi wa Baba Ilu rasuwa. Ludayin ya faɗi daga hannuna. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Tun ina ƙarama a rugarmu ta bayan Kuje nake jin muryarsa. Na ɗauka wani ƙato ne, don muryar nan tana cika daji. Ranar da na fara ganinsa, sai ga ɗan tsoho siriri ya tsuguna gaban ƙwaryata yana cewa, “'Yata, zuba mini, kar ki cika sukari.” Na zuba masa ina kallonsa. Ashe muryar da ke kaiwa bayan duwatsu daga wannan ɗan ƙirjin take fita! Ikon Allah.

Shi ya ba ni labarin gidanku. Ya ce a ɗaki ɗaya kuka fara, a Mararaba, da faifan garmaho, tsofaffin waƙoƙi safe da yamma. Aka koma kaset. Wani oga ya zo ya ce labarai kawai. Wani ya ce waƙar samari. Aka yi zamanin ƙwallo, har aka mai da Baba mai karanta tallan magani. Bai yi fushi ba, bai tafi ba, yana ta lallashi har aka bar masa yammacin Juma'a. Yakan ce, “Gidan rediyo yana canja riga, amma kunnen da ya saba da kai ba ya canjawa.” Da komai ya koma kwamfuta, shi da 'yar na'urarsa ta kaset yake zuwa a jaka.

Yarinyar nan da ke bayana tana da sikila. Babanta ya yi kudu da shanu, inda waya ba ta kamawa, sai rediyon da ke rataye a wuyansa. Na faɗa wa Baba ina kuka. Ya ce, “Mutumin daji ma ɗan gari ne, in dai da batir. Yaya sunansa?” Na sunkuyar da kai, don mu ba ma kiran sunan miji. Ya yi dariya ya ce, “To wace saniya ya fi so?” Na ce fara. Tun daga nan duk Juma'a sai ya ce, “Gaisuwa ga mai farar saniya, daga mai nonon Jabi,” ya sa wata tsohuwar waƙar kukuma. In baban yarinyar ya ji ta, ya san yarinya na da rai. Ko sau ɗaya Baba bai manta ba. Ranar da yake fama da tari ma ya faɗa, muryar na karyewa.

Zuwansa gida na ƙarshe, baban yarinyar ya ce mini ranar da bai ji ba, zai bar shanun ya yanko daji ya taho. Kun san abin da ke cikin dajin nan yanzu. Yarinya kuwa ga ta, lafiya lau, har ta sha kunu da safe.

Ban san sunan waƙar ba, ban iya karanta jikin kaset ba. Amma in kun kawo jakar muna sawa ɗaya-ɗaya, da ta fara zan gane ta.

Allah ya jiƙan Baba Ilu, ya haskaka kabarinsa, ya sa ya ji abin da ya fi waƙa daɗi a Aljanna. Allah ya ba matarsa Hajiya da 'ya'yansa haƙuri, ya raya abin da ya bari.

Na faɗa wa Oga Bitrus mai gadinku, ya ce shi ƙofa kawai yake buɗewa. Na faɗa wa Hajiya, ta ce jakar tana ƙarƙashin gadonsa, ba wanda ya taɓa. Yanzu na faɗa muku. Jibi ne Juma'a.